Abdulkarim Bature: Mutumin Da Ya Ɓace A Sahara, Ya Kuma Keta Dajin Gundumi Cikin Awa 26

Idan kai ɗan Isa ne, ko Sabon Birni, ko Gangara, ba sai an tsaya yi maka bayanin Dajin Gundumi ba. Ka san shi, ka san yadda hira ke mutuwa a cikin mota idan an doshi wurin, ka kuma san dalili. Abin da wataƙila ba ka sani ba shi ne tsoron wannan daji ya girmi kakan kakanka. A ƙarshen watan Maris na 1853, ana tsakiyar bazara, wani ayari ya tashi daga kusa da Isa ya faɗa Gundumi, bai yada zango ba sai bayan awa 26. A cikin ayarin akwai wani Bajamushe ɗan shekara 32 mai jin Hausa. Mutanen ƙasar nan Abdulkarim suke ce masa, a gidansu kuma sunansa Heinrich Barth. Tare da shi akwai wani yaro Bahaushe mai yi masa hidima, Dorugu, wanda a lokacin bai wuce sa'ar ɗan ƙaramar sakandare ba.

Na ɗauko tarihin wannan mutum ne saboda ku 'yan sikawut da 'yan agaji, da duk wanda ke sha'awar shiga cikinku. Kafin a ƙara maka girma ko a liƙa maka sabon bajo a kafaɗa, sai ka nuna ka iya karanta taswira, ka iya riƙe kamfas, ka san yadda ake tanadin ruwa, ka san abin da za ka yi wa wanda ya faɗi. Da yawanku haddacewa kuke yi don a ci jarrabawa a ɗauki hoto a ɗora a Facebook. To, Barth ya mutu shekara 42 kafin Baden-Powell ya kafa sansanin sikawut na farko a Ingila a 1907, bai taɓa ɗaura gyalen sikawut a wuya ba. Amma jarrabawar nan taku ita ya yi shekara biyar yana zaunawa, a wurin da wanda ya faɗi kabari yake tafiya. Turawa uku suka taso daga Tarabulus, shi kaɗai ya koma gida.

An haife shi a birnin Hamburg na ƙasar Jamus ranar 16 ga Fabrairu, 1821. Yaro ne mai naci a kan littafi, marar yawan abokai, kuma wannan hali bai sake shi ba har ya mutu. Ya yi karatu a Jami'ar Berlin, ya sami digirin digirgir a 1844 kan tarihin cinikin wani tsohon birnin Girka, ya kuma koyi Larabci. Daga 1845 zuwa 1847 ya zagaya ƙasashen bakin Bahar Rum, ta Maroko da Tunisiya da Libiya har Masar da Sham. A kan iyakar Libiya da Masar 'yan fashi suka tare shi, suka ji masa rauni, suka tafi da kayansa har da yawancin rubuce-rubucen da ya tara. Wani da daga nan ya haƙura da yawo. Shi kuwa da gwamnatin Ingila ta shirya tura James Richardson ya ƙetare Sahara don ƙulla yarjejeniyar ciniki da sarakunan ƙasar Sudan da kuma duba batun cinikin bayi, sai ya shiga tafiyar, shi da wani matashin Bajamushe masanin duwatsu, Adolf Overweg. Suka bar Tarabulus a watan Maris na 1850. Cikin kayan da raƙuma suka ɗauka har da jirgin ruwa da aka rarraba gunduwa-gunduwa, wai za a haɗa shi a Tafkin Chadi. Kuma an haɗa ɗin.

Wata huɗu kacal da fara tafiya, Barth ya tafka wautar da ta kusa rufe littafinsa tun a shafin farko.

Kusa da garin Gat, a kudu maso yammacin Libiya ta yau, akwai wani dutse mai suna Idinen. Buzayen yankin sun ɗauke shi gidan aljannu, ba sa hawansa. Barth ya ƙwallafa rai sai ya hau, yana tsammanin zai tarar da tsofaffin zane-zane ko rubutu a can sama. Ya nemi ɗan jagora, aka ƙi ba shi. Aka yi masa kashedi, ya toshe kunne. A tsakiyar watan Yuli, da sassafe, ya kama hanya shi kaɗai da 'yar ƙaramar salkar ruwa da busasshen biskit da dabino. Ka ji guzuri fa, a Sahara, a watan Yuli: abinci mai ƙara ƙishi, da ruwan da ba zai kai yamma ba.

Dutsen da ido ya nuna masa kusa ashe yana da nisa, kuma tsakaninsu akwai kwazazzabai da ba a hangowa daga zango. Ya hau dai, a galabaice, bai sami komai ba. Ya sauko, ruwansa ya ƙare wajen tsakar rana. Ayari kuwa ya riga ya ci gaba zuwa rijiya ta gaba, shi kuma bai san takamaimai inda rijiyar take ba. Ya yi ta bulayi cikin rairayi. Ya harba ƙaramar bindigarsa ko wani zai ji, shiru. Ƙarfi ya ƙare, ya zube ƙarƙashin wata bishiya wadda inuwarta ba ta taka kara ta karya ba. Da dare ya hango wuta can nesa, wutar da abokan tafiyarsa suka hura dominsa, amma ko tashi ba ya iya yi. Washegari rana ta sake buɗewa a kansa. Ƙishi ya kai shi ga tsotsar jinin jikinsa, daga nan hankalinsa ya fara gushewa. Sai da yamma ta yi ya ji kukan raƙumi. Wani Buzu ne ya biyo sawunsa a kan rairayi har ya iske shi.

Tsaya ka duba abin da Buzun nan ya yi, don shi ne malamin agajin gaggawa a wannan labari. Bai ɗura masa ruwa a baki ba. Sai da ya fara wanke masa kai ya yayyafa masa ruwa, jiki ya ɗan huce, sannan ya ba shi ya kurɓa, ko da yake maƙogwaron ya bushe har haɗiya ta gagara. Bayan nan ya ɗora shi a raƙumi. Abin da ake koya muku ke nan yau game da wanda zafin rana ya kayar: a kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a jiƙa masa jiki ana yi masa fifita, in yana cikin hayyacinsa a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. In kuwa ya suma, kada a zuba masa komai a baki, zai iya shaƙewa. A kwantar da shi ta gefe a nemi asibiti. Wanda ya iya sha, ruwan gishiri da sukari ya fi masa ruwa zalla: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Buzun nan bai shiga aji ba, bai da bajo, amma da za a ba shi wannan jarrabawa da ya cinye.

Kuma ka lura da abin da ya sa aka same shi da rai. Mutanensa sun san dutsen da ya nufa, don haka an san inda za a fara nema. Ya bar sawu. Da ƙarfinsa ya ƙare ya zauna wuri ɗaya, ko da yake dole ce ta zaunar da shi. Mai ɓata da ke ta sauri yana canza hanya, shi ke wahalar da masu nemansa, yana kuma ƙone ɗan ruwan da ya rage a jikinsa. Shi ya sa malaminku na sikawut ke nanata cewa in ka ɓace ka tsaya, ka nemi inuwa, ka busa usur sau uku ka saurara, ka sake. Usur ba ya cin caji, kuma ƙararsa ta fi muryar wanda maƙogwaronsa ya bushe nisa. Maganar faɗa wa wani inda za ka da lokacin da za ka dawo kuwa, na san tana yi wa saurayi nauyi, gani yake kamar an mai da shi yaro. Barth yana da digirin digirgir, ya kuma yi shekara biyu yana yawo a ƙasashen Larabawa, amma ran nan ba digiri ya cece shi ba.

Batun aljannu kuma, kowa da abin da ya ɗauka. Ni dai abin da na lura shi ne idan mutanen wuri suka ce kada a bi nan, sau da yawa akwai dalili a ƙarƙashi, ko da dalilin da suka faɗa bai gamsar da kai ba. Dutsen da ba ruwa, ba inuwa, ga kwazazzabai masu ruɗa ido, ai ya cancanci a tsorata yara da shi.

Daga nan salon tafiyarsa ya canza. Kusan duk inda ka buɗe labarin sauran shekarun, za ka same shi cikin ayari ko tare da 'yan rakiya, yana tambaya, yana rubutawa. Ya riƙe wani bara mai aminci, Muhammadu mutumin Gatrun ta ƙasar Fezzan, wanda ya san raƙumi ya san hanya, suka yi yawancin tafiyar tare. Ya kuma duƙufa kan harsuna. Hausa tun a hanyar Azbin ya fara kama ta, domin Azbinawan da suka rako su suna yin ta. Daga baya ya ƙara da Barbarci da Fillanci da Buzanci da harshen Songai. Kada ka ɗauki wannan a matsayin ado. Wanda ya iya gaisuwa da harshen mutane, ya iya tambayar ina rijiya, wace hanya ce ba lafiya, wane gari ne ake faɗa da wane, ya riga ya rage rabin hatsarin tafiyarsa. Ku da ke zaune a bakin iyaka, kuna cin kasuwa ɗaya da Fulani da Buzaye da mutanen Nijar, kuna da wannan makaranta kyauta a ƙofar gida.

Ga kuma yadda yake gane inda yake, wanda shi ne ya fi burge ni. Kayan aikinsa kamfas ne da agogo da ɗan littafin aljihu. Duk inda hanya ta karkata sai ya duba kamfas ya rubuta, ya duba agogo ya rubuta. Ya san tazarar da raƙumi mai kaya ke ci a awa ɗaya, don haka lokaci ya zame masa ma'aunin nisa. Yana rubuta sunan kowane ƙauye, kowace rijiya, irin itatuwan wurin, inda ƙasa ta koma yashi da inda ta koma laka. Inda ƙafarsa ba ta kai ba, sai ya zaunar da fatake da alhazai ya tambaye su zango-zango, daga gari kaza zuwa gari kaza kwana nawa ne. Da waɗannan rubuce-rubuce wani masanin taswira a Jamus, August Petermann, ya zana taswirorin da Turai ta daɗe tana dogaro da su.

Wannan aiki ba ya buƙatar Sahara. Je filin ƙwallon makarantarku, a auna mita 100, ka taka da tafiyarka ta kullum kana ƙirga taku, ka maimaita sau uku ka riƙe adadin. Ka sami ma'aunin da ba mai ƙwace maka. Mutum mai lafiya a hanya mai kyau yana cin kilomita 4 zuwa 5 a awa, a cikin yashi ko da kaya a ka kuwa abin ya ragu sosai. Ka zana taswirar unguwarku da hannu, daga gida zuwa makaranta, zuwa asibiti, zuwa tasha, zuwa bakin gulbi, ka sa alamar inda ruwa ke yanke hanya da damina. Gabas da yamma ba sa wahalar da mai sallah. Da dare kuma akwai tauraron arewa, wanda ba ya gusawa daga wurinsa. A yankinmu yana ƙasa-ƙasa, in ka miƙa hannu ka dunƙule, bai fi dunƙule ɗaya da ɗan ƙari ba daga inda sama ta haɗu da ƙasa, shi ya sa ƙurar hunturu ke ɓoye shi. Za ka ce ai wayarka tana da taswira. Tana da ita. Amma ku ne fa aka yanke wa sabis a watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni. Kun ga yadda waya ta koma tocila da rediyo. Ko da sabis ma, caji ƙarewa yake yi, kuma ba ya sallama kafin ya ƙare.

Mu koma kan hanya. Bayan Buzaye sun tatse su a kan iyakar Azbin, Barth ya leƙa Agadas a watan Oktoba na 1850. A farkon 1851 Turawan uku suka rabu a Damargu, da alkawarin haɗuwa a Kukawa. Shi ya bi ta Tasawa da Katsina ya shiga Kano a watan Fabrairu, zamanin Sarki Usman, ba kuɗi, ga bashi, ga zazzaɓi. Duk da haka ya hau Dala ya ƙare wa birnin kallo, ya zana taswirarsa, ya ƙiyasta mazaunansa sun kai 30,000, adadin da ya ce yana ninkawa lokacin da fatake suka cika gari. Richardson bai kai Kukawa ba, ya mutu a hanya a watan Maris. Barth ya sami karɓuwa wurin Shehu Umar na Barno, ya gangara kudu ya ga Kogin Binuwai a watan Yuni, ya shiga Yola, inda bayan 'yan kwanaki aka ce ya tattara ya koma.

Akwai abin da ba zan tsallake ba. A ƙarshen 1851 ya bi rundunar Barno zuwa ƙasar Musgu, kuma wannan fita farautar bayi ce. Ya ga ana ƙone garuruwa ana yanka maza ana kora mata da yara, ya rubuta abin da ya gani da ƙyama, amma dai yana cikin rundunar, a inuwarta ya sami ganin ƙasar. Mutumin da aka turo da sunan yaƙi da cinikin bayi ke nan. Duk mai ba ka labarin Barth ya ɓoye wannan, rabin labari ya ba ka.

Overweg, wanda ya zagaya Tafkin Chadi da jirgin nan, ya mutu a bakin tafkin a watan Satumba na 1852 yana ɗan shekara 30. Barth ya ɗora laifin a kan jiƙaƙƙun tufafin da abokin nasa ya wuni da su bayan ya shiga ruwa harbin tsuntsaye. A zamaninsu ba wanda ya san sauro ke kawo zazzaɓin, sai a 1897 aka tabbatar da haka. Shi Barth da kwinin da jiƙon tsamiya ya riƙa lallaɓa nasa jikin. Kai da ka san abin da su ba su sani ba, ba ka da hujjar zuwa sansanin kwana a bakin fadama ba gidan sauro. Kafin ya mutu, Overweg ya 'yanta yara biyu daga bauta, Abbega ɗan ƙabilar Margi da Dorugu Bahaushe mutumin ƙasar Damagaram. Su biyun suka koma hannun Barth.

Yanzu saura shi kaɗai, kuma maimakon ya juya gida sai ya ce Tambutu zai tafi. Ya bar Kukawa a watan Nuwamba na 1852, ya bi ta Damagaram ya sake shiga Katsina. Daga Katsina zuwa Sakkwato kuwa hanya ba lafiya. Tun da Alƙalawa ta faɗi a 1808, Gobirawa ba su miƙa wuya ba, sun sake kafuwa a Tsibiri, Katsinawan da aka kora kuma suna Maraɗi, kuma yaƙi tsakaninsu da Daular Usmaniyya bai tsaya ba. Isa a lokacin sansani ce ta daular, mai ganuwa, an kafa ta tana fuskantar waɗannan mayaƙa. Sabon Birni ma ba a kafa shi ba tukuna. Kada Bagobiri ya ɗaure mini fuska, kada kuma Basakkwace ya yi murmushi: kowane ɓangare yana da nasa labarin, matafiyi dai shi ne a tsakiya. Gundumi daji ne da ba gari ba rijiya, inda mahaya ke kwanton ɓauna, kuma ta cikinsa hanya ta bi.

Dubi yadda mutumin da ya hau Idinen shi kaɗai ya tunkari wannan. Ya zauna a Katsina ya jira, har ya sami tafiya tare da Galadiman Sakkwato, wanda ke komawa gida da jama'arsa. Suka tashi a watan Maris, suka bi ta Zurmi da Badarawa suna sauraron labarin inda rundunar Gobir ta nufa, har suka sauka a Isa. Ranar shiga daji, sai da suka fara ratsewa zuwa wani tafki suka cika salkunansu. Duk da haka an sami matsala, domin tun da farko ayarin ya kauce hanya, aka ɓata lokaci mai tsada kafin a dawo kanta. Ka ga ko masu jagora suna kuskure, bambancin shi ne a cikin jama'a kuskure yana gyaruwa. Daga nan ba tsayawa. Suka wuni suna tafiya cikin zafin bazara, rana ta faɗi suna tafiya, dare ya raba suna tafiya, domin yada zango a Gundumi kiran mahara ne. Mutane suka fara zubewa a baya. Wata mata ta mutu cikin dare saboda gajiya. Da gari ya waye suka haɗu da mahaya ɗauke da salkunan ruwa, waɗanda aka turo daga sansanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba don su tattaro waɗanda suka kasa. Sarkin Musulmi yana Gawasu a lokacin, yana shirin fita yaƙi da Gobirawa, a can ya karɓi Barth.

Mahayan nan masu salka sun cancanci a tsaya a kansu. Wani ne ya zauna ya yi lissafin cewa ayari na zuwa, ya san a irin wannan tafiya dole wasu su kasa, ya tura ruwa tun kafin a roƙa. Aikin ɗan agaji ke nan tsantsa. A tafiyar ƙafa ta 'yan sikawut ma haka tsarin yake: mai ƙarfi ɗaya a gaba, mai ƙarfi ɗaya a can baya wanda ba ya yarda kowa ya koma bayansa, a ƙirga mutane kafin a tashi, a sake ƙirgawa a duk inda aka tsaya, kuma saurin tafiya na mafi rauni ne. Matar da ta mutu a daren nan ba ta sami wannan gata ba, don tsoro ya hana ayarin jiran kowa.

Kuma bari in faɗa maka a fili, ban kawo wannan labari don wani ya ce zai gwada ƙafarsa a Gundumi ba. Barth da ya keta shi yana tare da babban basarake da mayaƙa, kuma ba shi da wata hanyar. Kyaftin Clapperton na Ingila ma da ya bi ta nan a 1824, da rakiyar mahaya ya bi, ya kuma sha baƙar wuya. A halin da ake ciki yau, horonku na cikin gari ne: filin makaranta, harabar asibiti, bakin kasuwa, da sanin shugabanninku da iyayenku. Ɗaure karaya, tsayar da jini da matsa tsumma mai tsabta a kan rauni, ɗaukar marar lafiya a kan ƙyaure ko bargo, jefa wa wanda ruwa ya ja igiya ko jarka maimakon ka faɗa ka zama na biyu, duk ana koyonsu ba tare da an taka daji ba, kuma su ne garuruwanmu suka fi buƙata.

Sauran tafiyar zan taƙaita. Ya yi makonni a Wurno, ya ziyarci Sakkwato, ya wuce Gwandu inda ya sami kwafin Tarikh al-Sudan, littafin tarihin daular Songai, ya zauna yana kwafar abin da ya iya. Ya ƙetare Kwara a Say a watan Yuni. Da ya shiga ƙasar da Kirista ba zai tsira ba, sai ya ɓad da kama ya ce shi Balarabe ne mai kai wa Shehu littattafai. Ya shiga Tambutu ranar 7 ga Satumba, 1853. Asirinsa ya tonu, masu mulkin Masina suka nemi a miƙa shi ko a kore shi, Shehu Ahmad al-Bakkay na Kunta ya tsaya masa tsayin daka har na tsawon watanni, sannan ya rako shi da kansa ya fitar da shi. Nan ma ka ga ba ƙarfinsa ya fisshe shi ba, mai masauki ya samu na ƙwarai, kuma Larabcinsa da karatunsa ne suka sa malamin ya ga mutumin da ya cancanci a kare.

A hanyar dawowa atuni ya kwantar da shi a Wurno. Ya isa Kano a watan Oktoba na 1854, ya tarar a Turai har an ba da labarin mutuwarsa. A cikin wani daji a hanyar Kukawa ya yi kiciɓis da Eduard Vogel, Bajamushen da aka turo ya ƙarfafa tafiyar. Vogel ɗin ma bai koma gida ba, an kashe shi a Wadai a 1856. Barth ya sake ƙetare Sahara ta Bilma da Murzuk, ya isa Tarabulus a ƙarshen watan Agusta na 1855, bayan tafiyar da ta haura kilomita 15,000.

Gida bai yi masa daɗi yadda ya zata ba. Ya wallafa labarin tafiyarsa cikin manyan littattafai biyar a 1857 da 1858, da Turanci da Jamusanci, amma sun cika bayani dalla-dalla, masu karatu kuwa sun fi son labarin David Livingstone mai zaki da farauta. Shi ma mutum ne mai saurin fushi da zargin mutane, ya ɓata da Ingilawan da suka aike shi. Ya koma Berlin yana koyarwa a jami'a, yana wallafa kalmomin harsunan da ya tara, yana kuma yawo a ƙasar Turkiyya da maƙwabtanta. Ciwon ciki ya kashe shi ranar 25 ga Nuwamba, 1865, yana da shekara 44. Littattafan da aka ce sun yi nauyi su ne yau masana tarihin Kano da Katsina da Sakkwato da Barno ba sa iya tsallakewa. Sai dai taswira ba ta zaɓen mai karanta ta. Shekara 50 cif bayan daren Gundumi, a watan Maris na 1903, sojojin Ingila suka ci Sakkwato, kuma Turawan da suka zo mulki sun karanta Barth.

Yaran nan biyu kuwa sun bi shi har Landan. Abbega ya dawo, daga baya ya zama sarkin Lakwaja. Dorugu ya zauna wurin wani malamin mishan, J. F. Schön, ya ba shi labarin rayuwarsa da Hausa tun daga yarintarsa da yadda aka kama shi, da tafiyar Tambutu, da abin da ya gani a Ingila, aka buga shi cikin littafin Magana Hausa a 1885. Wato yaron da ya taka Gundumi a bayan raƙuman Bature yana cikin Hausawan farko da aka buga tarihin rayuwarsu daga bakinsu. Shi ma ya dawo gida, ya yi aikin tafinta, a ƙarshen rayuwarsa ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano. A can ya rasu a 1912, shekara uku kafin a kafa ƙungiyar sikawut a Nijeriya.